Dutsen da Ya Karkace

Kafin a buɗe ƙofa nake shiga,
ni da manjagara da tarin asuba.
Tsakuwa ta kwana da sawun kyanwa,
in ja mata layi, in mai da ita teku.

Kakan kakana, Genzaburo, da dutse ya fara.
Kwana goma sha tara yana zaune a bakin kogi,
ya sa wa wani baƙin dutse ido kamar mai bin sa bashi,
har ya gane ina fuska, ina ƙeya.
Mutum arba'in suka ja shi bisa gungume
cikin dusar ƙanƙara, shekarar da shinkafa ta ƙi.
Ubangidan gari ya biya su da mudu.
Biyu ba su kai ga karɓar nasu ba.
Allon bakin ƙofa bai san da su ba,
mu dai a gidanmu mun riƙe:
Yasokichi da ɗansa.

Da dutsen ya iso, Genzaburo ya binne kashi biyu cikin uku.
Ubangida ya ce, "Na saya, ka ɓoye mini?"
Ya ce, "Ranka ya daɗe, in an tone shi duka
baƙo ne.
Haka kuwa, sai a ce nan aka haife shi."

Zamani ya juya, aka raba masu takobi da takobinsu.
Ubangida ya kama hanyar Tokyo da akwati biyu.
Wani ɗan kasuwar alharini ya sayi wurin,
ya kafa jar gada mai ƙyalli kamar sabon kwano,
ya cika tafki da kifin koi masu tsada.
Zalɓe ya yi masa godiya sosai.
Gadar ta ruɓe.
Gansakuka, wadda ba ta san gaggawa ba,
ta haye gurbin ƙafafunta.

Da yaƙi ya kwashe maza,
uwata Mitsue ta yashe tafkin da guga,
ta shuka dankali inda wata ke wanka.
Aka sauke ƙararrawar tagulla, aka kai ta maƙera.
Tsohon itacen matsu aka tsaga wa ciki,
ana tatsar ƙaro, wai man jirgin sama.
Tabon na nan, yana kallon bango,
in ka zagaya baya za ka sa hannu a ciki.
Da dankalin nan aka yaye ni,
don haka kada a ce mini lambu ba ya ciyarwa.

Ina da shekara uku ƙasa ta girgiza.
Fitilar dutse ta faɗi, ta rabu uku.
Shi kuwa babban bai faɗi ba,
ya dai karkace,
kamar tsohon da ake yi wa raɗa.
Ina za a sami arba'in su miƙe shi?
Aka bar shi.

Yanzu malamai kan zo daga jami'a da igiyar awo,
su tsuguna, su kanne ido ɗaya,
su ce wannan karkacewar
ita ce ƙololuwar hikimar Genzaburo.
Har an buga a takardar da ake miƙa wa baƙi.
Ni ina gefe ina tsince jajayen ganye,
ban ce musu ƙala ba.

Jikata Chizuru tana aikin banki a Osaka.
Jiya ta zo, ba ta ce za ta zauna ba.
Da asuba na iske ta riga ni,
da takalmin birni, da manjagarata a hannu.
Layinta ya yi tafiyar maciji,
ya ci karo da dutse, ya rasa hanya.
Na tsaya, hannuna na ƙaiƙayi.

Ƙarfe tara ta buga.
Na je na buɗe ƙofa.